Littafin kisan kai ya dagula min lissafi, in sayi na biyunsa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na sayi wani littafin labarin kisan kai saboda yabon da aka jera a bayan bangonsa. Tun a babi na uku aka fallasa wanda ya yi kisan, daga nan sai tunane-tunanensa masu tayar da hankali, ga jini ko'ina. Na kai rabi, raina a jagule. Yana da kashi na biyu. In daure in ƙarasa in sayi wancan, ko in haƙura?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Ina ganin kin je neman wani abu, aka miƙa miki wani. Labaran laifi kala biyu ne. Akwai wanda ke jan ki da tambayar "wa ya yi?", irin na marubuciyar Birtaniya Agatha Christie, inda sai a shafukan ƙarshe ake tona asiri. Akwai kuma mai tambayar "me ya kai shi?". Marubucin Rasha Dostoevsky ya yi irin wannan tun a 1866 cikin littafinsa Crime and Punishment: tun farko mun san tsohon ɗalibin da ya kashe tsohuwa mai ba da bashi da jingina, sauran littafin kuwa yadda zuciyarsa ke cinye shi ne. Naki na wannan layin ne, don haka bayyana mai kisa da wuri ba aibi ba ne.

Sai dai ba zan wanke marubucin gaba ɗaya ba. Da yawa suna cika shafi da azabtarwa, su ce zurfin tunani ne, alhali ba su da abin faɗi game da ɗan Adam. Wannan yana ƙona min rai. Ki koma babi na ƙarshe da kika karanta, ki cire wuraren jinin a ranki. Kin ƙara fahimtar mutumin, ko tsoronsa kawai kika ƙara ji? In ba abin da ya rage, rufe shi. Kuɗin sun riga sun tafi, kada barcinki ya bi su.

Kashi na biyu kam kada ki saya. Nan gaba ki fara karanta samfurin kyauta da manhajojin karanta littattafai irin su Kindle da Google Play Books ke bayarwa, sannan a Goodreads, shafin intanet da masu karatu ke sharhin littattafai, ki duba sharhin waɗanda suka ba littafin tauraro 2 ko 3, domin su ne ke faɗin takamaiman abin da ya gundure su. Yabon bayan bango kuwa, mai son sayar da littafin ne ya zaɓo shi.