Ba A Gina Kwamfuta, Harhaɗa Ta Ake Yi: Amsoshin Tambayoyin Masu Karatu

Tambayoyin wannan karon daga Legas suka fito, kuma duk a kan kwamfutar tebur suke: a saye ta a haɗe, ko mutum ya sayo kayanta ɗaya-ɗaya ya haɗa da hannunsa.

Wani ɗalibi daga Agege ya ce: "Malam, na gaya wa abokina zan gina kwamfuta, sai ya bushe da dariya, wai da bulo ko da jar ƙasa? Kuskure na yi?"

Abokinka ya fi ka gaskiya, ɗana. Gina a Hausa aikin ƙasa ne: a gina ɗaki, a gina tukunya, a gina rijiya ko rami. Turanci ne ya yi maka raɗa a kunne, domin su kalma ɗaya suke wa ginin gida da haɗa na'ura. Ƙera ma ba ta dace ba. Ƙira aikin maƙeri ne, wanda ke sarrafa ƙarfe ya fitar da abin da babu shi a da. Masana'antar TSMC ta ƙasar Taiwan, inda ake yin mafi yawan furosesa (mai lissafin kwamfuta) na kamfanin AMD na yanzu, ita ce ke ƙira. Kai da za ka shiga titin Otigba a Computer Village ta Ikeja ka cika jaka da kaya, haɗawa za ka yi.

Da yake kayan suna da yawa, kalmar da ta fi zama daidai ita ce harhaɗa. Ninkin haɗa ce, mai nuna yawan aiki, kuma "ɗ" ta farko ta koma "r" kamar yadda kaɗa ta zama karkaɗa. Tun 1975 da aka buɗe kamfanin Peugeot a Kaduna da na Volkswagen a Ojo, kan hanyar Badagry, Hausawa ke cewa kamfanin harhaɗa motoci, don sun san ba a can ake ƙera injin ba.

Kalmar tana ɗauke da sharaɗin aikin. Ba a haɗa abu biyu sai sun yarda da juna, in ba haka ba a sami abin da Bahaushe ke kira haɗin gambiza. Furosesa da madabod, wato babban allon da komai ke zama a kansa, dole gurbinsu ya zama ɗaya. Furosesan Ryzen 5 5600 gurbin AM4 yake shiga, kuma ram (mai riƙe abin da ake aiki a kansa) nau'in DDR4 yake aiki da shi. Gurbin AM5, wanda ya fito a 2022, DDR5 kaɗai yake karɓa. Na Intel mai suna LGA1700 ya fi rikitar da mutane, domin akwai madabod ɗinsa na DDR4, akwai na DDR5, sai ka karanta jikin kwali. Ram ɗin biyu duk haƙora 288 gare su, tsawonsu ɗaya, amma tsagar da ke tsakiyarsu ba wuri ɗaya take ba. Wanda ya danna da ƙarfi ya karya gurbi, kuma mai shago ba zai karɓa ba.

Sai ka yi hattara da haɗaɗɗiya. A nahawu ma'anarta wadda aka riga aka haɗa, amma a bakin matasa abin da ya haɗu shi ne wanda ya kai maƙura wajen kyau. In ka ce wa Bahaushen da ke tsaron shago kana son haɗaɗɗiyar kwamfuta, mafi tsada zai ɗauko maka. Ka ce "wadda ta zo a haɗe", ko "ta kamfani".

Wata malamar makaranta daga Idi-Araba ta tambaya: "Ana cewa na'ura mai ƙwaƙwalwa. To a cikinta wane ne ƙwaƙwalwar?"

Malama, sunan ya haɗa ayyuka uku da injin ya raba. Mai lissafi shi ne furosesa. Mai riƙe abin da ake aiki a kansa yanzu shi ne ram, da an ɗauke wuta ya manta komai. Mai ajiya ta dindindin kuwa ma'aji ne, ko tsohon faifai mai juyawa ko SSD. Shi ya sa in kika ce wa mai shago a ƙara ƙwaƙwalwa, zai tambaye ki wacce. Don aikin ofis da makaranta, ram gigabait 8 shi ne mafi ƙaranci, 16 ya fi kwanciyar hankali, ma'aji kuma SSD mai gigabait 256 ko 512. Wani abin dariya: bakinmu yakan mai da "p" ta zama "f", sai sunan Turanci na abin da ke raba wa kayan lantarki, wato "power supply", ya koma fawa, sana'ar mahauta. Akwatin wuta ya wadatar, a bar wa Sarkin Fawa sarautarsa.

Wani ɗan kasuwa daga Mile 12 ya rubuto: "Zan saya wa ofishina tokumbo, wani ya ce mini araha ba ta ado. Mene ne ainihin ma'anar karin maganar, kuma ta shafe ni?"

Alhaji, araha ko arha aro ce daga Larabci, ma'anarta sauƙin farashi. Karin maganar da tufafi take misali: yadin da ka saya da kuɗi kaɗan zai rufe jiki, amma ba shi ake sawa ranar Sallah ba. Lura da cewa ado aka ce. Ba a ce araha ba ta aiki ba. Masu jefa wa mutum ita don su hana shi sayen na hannu suna ɗora mata kayan da ba nata ba.

Tokumbo kalmar Yarbanci ce, ma'anarta abin da ya zo daga ƙetaren teku. A Arewa an fi cewa gwanjo ga tufafi, Beljiyam ga mota. Tokumbon kwamfutar tebur galibi injinan ofis ne da kamfanonin Turai da Amurka suka sallama, irin su Dell OptiPlex da HP EliteDesk da Lenovo ThinkCentre. Don rubuta rasit, lissafin kaya da shiga intanet, su suka fi sauƙi, kuma da wuya ka harhaɗa sabuwa a kan kuɗinsu. Nan araha ta yi aiki.

Inda ba ta ado shi ne ranar da ka so ƙara mata ƙarfi. Siraran cikinsu akwatin wutarsu bai cika wuce wat 180 zuwa 260 ba, kuma da yawa filoginsa na kamfanin ne, ba mai haƙora 24 da kowa ke amfani da shi ba. Katin hoto, wato ɓangaren da ke sarrafa hoto da bidiyo, irin RTX 3060 shi kaɗai yana jan wat 170, masu yinsa kuma akwatin wuta mai wat 550 suke ba da shawara, ga shi ba zai ma shiga gidan kwamfutar ba saboda kauri. Wanda ke son tace bidiyo ko zanen gine-gine, harhaɗawa ta fi masa, domin kowane ɓangare yana iya cirewa ya sauya.

Abu biyu za ka duba kafin ka biya. Na farko zamanin furosesa. Microsoft ta daina kula da Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025, Windows 11 kuma tana neman furosesan Intel ƙarni na 8 zuwa sama da abin tsaro TPM 2.0. In lambobi huɗu ne bayan layi, ta farko ita ke nuna ƙarnin: i5-6500 na shida ne, i5-8500 na takwas. Kada "Core i7" da aka manna a gaba ya ruɗe ka, akwai i7 da ya haura shekara goma. Na biyu, juya bayan injin. Wasu tsofaffin da suka zo daga Amurka suna da ɗan jan makunni mai 115 da 230. Wutarmu 230 ce. In yana kan 115 ka jona, ƙara ɗaya za ka ji da warin ƙuna.

Akwai karin maganar da ta fi dacewa da mai sayen na hannu: kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Batirin agogon madabod, CR2032, yakan zo a mace, fanka takan zo da ƙura. Waɗannan ƙananan kuɗi ne, a sa su a lissafi tun farko.

Wani matashi daga Alaba Rago ya ce: "Na ji wani dattijo yana cewa ba a cinikin biri a sama, lokacin da ɗansa zai tura kuɗin kwamfuta ta waya."

Dattijon ya iya magana. Birin da ke kan bishiya bai shiga hannun mai sayarwa ba, balle naka. Duk farashin da kuka yanke, iska kuka yi wa ciniki. Ana faɗar ta ga duk cinikin abin da ido bai gani ba. Amma kwamfuta ko tana gabanka birinta yana sama, tunda abin da ka biya yana cikin gida a rufe. Saukar da shi ba wuya: a kunna ta a shagon, a buɗe manhajar CPU-Z ta nuna ainihin furosesa da ram, a buɗe CrystalDiskInfo ta nuna lafiyar ma'aji da awowin da ya yi yana aiki. In da katin hoto, a ba shi aiki mai nauyi na minti 15 zuwa 20, a ga ko hoton zai yayyage ko injin ya mutu. A rubuta lambar jikin kowane ɓangare a rasit tare da kwanakin garanti. Nan ta kamfani sabuwa ta fi: garantinta ɗaya ne, wuri ɗaya za ka koma. Harhaɗaɗɗiya kuwa in ta ƙi tashi, mai ram zai ce laifin madabod ne, mai madabod ya ce na akwatin wuta ne.

Tambaya ta ƙarshe daga Obalende: "Mene ne ƙuƙumi a cikin ƙaramin sani ƙuƙumi ne? Yayana ya gaya mini ita da na ce zan harhaɗa tawa."

Ƙuƙumi ɗauri ne da ake haɗa hannuwan mutum da wuyansa, ya kasa motsi. Wanda bai san komai ba yakan tambaya, mai ƙaramin sani kuwa saninsa ne ke ɗaure shi. Yayanka bai hana ka ba, gargaɗi ya yi maka, kuma wuraren da ƙuƙumin ke kama sabon hannu sanannu ne.

Fara aikin a kan tebur, madabod na kan kwalinsa. Taɓa ƙarfen gidan kafin ka taɓa kaya, musamman da hunturu. Furosesa yana da ɗan alwatika a kusurwa ɗaya, ka daidaita shi da na gurbin ka ajiye, ba a dannawa. Man sanyaya furosesa gwargwadon ƙwayar wake ya isa, kuma ka ɓare ledar da ke manne a gindin fankarsa. Wanda ya manta da ita zai ga injin yana zafi yana kashe kansa. In ram biyu gare ka kuma gurabe huɗu ne, yawanci na biyu da na huɗu daga furosesa ake cikawa. 'Yan ƙafafun tagullan da ke ɗaga madabod daga jikin gida su yi daidai da ramukansa, ɗaya da ya yi rara a ƙasa yana iya haɗa wuta. Wayoyin wutar madabod biyu ne, babba mai haƙora 24 da ƙarami mai 8 na furosesa, kuma ƙaramin ake yawan mantawa. In an kunna fanka na juyawa amma babu hoto, duba inda ka jona monita: in da katin hoto, a jikinsa ake jonawa. Furosesan Intel mai "F" a ƙarshen lambarsa, da Ryzen 5 5600, ba sa fitar da hoto sai da kati. 5600G yana fitarwa.

Kada ka tsuke aljihu a kan akwatin wuta, domin in ya ƙone yakan tafi da maƙwabtansa. Da irin wutar Legas, da sauyi tsakanin NEPA da janareto, UPS, mai riƙe wa injin wuta na ɗan lokaci in an ɗauke, ma yana cikin kayan haɗi. Sai dai lambar da aka rubuta a jikinsa VA ce, ba wat ba: mai 650VA ƙarfinsa bai kai wat 400 ba, ya ishi injin ofis da monita, amma mai babban katin hoto ya nemi 1200VA ko fiye.