Sana'ar wafil: ƙullun da za ki yi shi ke zaɓa miki inji

Tambaya: Ina yin kek da biskit na sayarwa, yanzu kuma ina so in ƙara da wafil, wannan gasasshen ƙullun mai ramuka. Na gwada da ƙaramin injin gida, amma na farko ne kawai ke fitowa da kyau, sauran sai su yi fari, su yi laɓe-laɓe, wasu ma su manne. Wane inji ya kamata in saya, kuma ta yaya zan gane ko akwai riba?

Amsa: Malama, abin da kika gani halin injin gida ne. Farantansa na alminiyam ne marasa kauri, ƙarfinsa kuma yakan tsaya tsakanin wat 700 zuwa 1,000. Da kin zuba ƙullu mai sanyi sai ya shanye zafin farantin, kafin zafin ya dawo kin riga kin zuba na biyu. Wafil yana buƙatar zafin da ya kai digiri 190 zuwa 200 a ma'aunin Selsiyos tun daga lokacin da ƙullu ya taɓa ƙarfe. Idan bai samu ba, tururi ne zai dafa shi maimakon ya gasu, shi ya sa yake fitowa fari yana mannewa.

Kafin ki taɓa jarinki, ki tsai da shawara kan irin wafil ɗin da za ki sayar, domin kowanne da injinsa. Na Amurka ƙullu ne mai ruwa-ruwa da bakar hoda, ramukansa ƙanana, yana saurin gasuwa. Na birnin Burasels a ƙasar Beljiyam mai kusurwa huɗu ne, mara nauyi, ramukansa masu zurfi, kuma da yis aka saba tayar da shi. Na birnin Liyej kuwa kwaɓi ne mai kauri da bota da yawa, ana cusa masa ƙwayoyin sukari masu tauri waɗanda ke narkewa a kan faranti. Wannan na ƙarshe yana da daɗi ko ya huce, don haka ya dace da mai sayarwa a ƙunshe. Sai dai sukarin yana ƙonewa ya daskare a jikin faranti, dole a riƙa kankarewa, kuma shafin hana mannewa da ake yi wa wasu farantai ba ya jure kankara. Idan shi kike so, faranti na zallar ƙarfen zubi za ki nema, ki kuma rage zafi zuwa wajen digiri 180.

A injin kasuwanci, nauyin faranti ne abin dubawa na farko: ki ɗaga murfin da hannunki, idan kin ji shi shafal ki ajiye. Ki nemi mai wat 1,500 ko sama da haka, mai maɓallin daidaita zafi da lambobin digiri a jikinsa, da faranti a ƙasa na tarbar abin da ya zubo. Injin da ake kifawa bayan an zuba ƙullu yana taimakawa idan ƙullu mai ruwa ne kuma ramuka masu zurfi, domin juyawar ce ke cika farantin sama. Ga kwaɓin Liyej ba ya ƙara komai. Ki karanta takardar da ke manne a ƙasan injin. Wanda aka ƙera don wutar bolt 110 zuwa 120 zai ƙone nan take idan aka jona shi da ta 220 zuwa 240. Ki tambayi mai sayarwa ko ana samun wayar da ke ba faranti zafi da maɓalli na canji, domin su ne ke fara mutuwa. Garantin injin gida kuma sau da yawa ba ya aiki idan an yi sana'a da shi.

Ga ƙullun da za ki fara da shi: fulawa giram 200, sitacin masara giram 50, bakar hoda giram 10, sukari giram 30, gishiri rabin ƙaramin cokali, ƙwai 2, madara mililita 375, narkakken bota giram 90. Sitacin ne ke sa bayan ya yi ƙaras-ƙaras ya kuma daɗe a haka. Ki raba farin ƙwai da gwaiduwa, ki buga farin har ya yi kumfa mai tsayawa, ki sa shi a ƙarshe a hankali. Wajen haɗa fulawa da ruwa-ruwan, da kin daina ganin busasshen gari ki tsaya, ko da akwai 'yan gudaji. Yawan juyawa yana sa wafil ya yi danƙo. Kada ki rage bota don tsimi, rashin maiƙo na daga cikin manyan abubuwan da ke sa mannewa. Kada kuma ki ɗaga murfi sai tururin da ke fita ta gefe ya ragu sosai, ɗagawa da wuri ce ke raba wafil gida biyu. Idan kin cire, ki jera a kan ragar ƙarfe ɗaya-ɗaya. Wanda aka ɗora a kan wani, ko aka rufe a leda da zafinsa, zai yi gumi ya saki.

Sai lissafi. Wannan ƙullun ya kai giram 860, idan kina zuba giram 120 a kowane gashi zai ba ki 7. Ki raba kuɗin kayan haɗin kashi 6, domin ɗaya zai tafi a ƙonewa da zubewa da ɗanɗano. A kan wannan ki ɗora kuɗin mazubi, da na wuta, da ladan aikinki. Injin wat 1,500 da ya yi awa 3 ba zai ci fiye da yunit 4.5 na wuta ba. Kuɗin injin kuma ki raba shi a kan adadin da kike sa ran sayarwa a shekara, kowane wafil ya ɗauki kasonsa. Inda riba ta fi zurarewa shi ne kayan da ake zubawa a kai. Cakulan da zuma da kirim idan ana zuba su da ido sukan fi wafil ɗin kansa tsada, don haka ki ware musu cokalin awo, ki sa musu farashi daban.

Lokaci ma yana cikin lissafin. Gashi na minti 4 da minti 1 na cirewa da zubawa, wafil 12 ke nan a awa daga inji mai kai ɗaya, wato mai gasa ɗaya a lokaci guda, ko da layi ya kai ina. Idan cinikinki na zuwa ne a cikin awa ɗaya ko biyu na cunkoso, mai kai biyu ya cancanci kuɗinsa, musamman wanda kowane kai ke da maɓallinsa, ki kashe ɗaya idan kasuwa ta lafa. Idan kuwa oda ake ba ki tun kafin rana, mai kai ɗaya mai nauyi ya wadatar: ki gasa da wuri, ki bari su huce a kan raga, ki sa a firiza, ranar kaiwa ki ɗumama a obin mai zafi na 'yan mintuna.