Bulon sheƙar tsuntsaye a sababbin gidajen Ingila: amfani ne ko dabarar talla?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a kudancin Ingila da iyalina, kuma mun biya kafin alƙalami na gida a wani sabon rukunin gidaje da ake kan ginawa. A takardun da kamfanin ya ba mu na ga cewa za a saka wani bulo mai rami a saman bango domin tsuntsaye su yi sheƙa. Maiɗakina tana fargabar kashin tsuntsu da ƙwari da danshi, ni kuma ina zargin dabarar talla ce kawai. Shin abin yana da amfani, ko in nemi a cire shi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Shawarata ita ce kada ka nemi a cire shi, kuma mai yiwuwa ne ko ka nema ba za a yarda ba, domin a wurare da dama ƙaramar hukuma ce take gindaya shi cikin sharuɗɗan izinin gini. Abin da ya fi dacewa ka sa wa ido shi ne ko an saka bulon da gaske, da kuma ko an saka shi a inda ya kamata, domin a nan ne yawancin matsalar take.

Tsuntsuwar da aka fi nufi da wannan bulo ita ce tsattsewar nan da Turawa ke kira swift, mai duhun jiki da dogayen fukafukai masu lanƙwasa, wadda nauyinta bai wuce kimanin giram 40 ba. Takan iso Birtaniya a ƙarshen Afrilu ko farkon Mayu, ta yi ƙwai biyu ko uku, ta reni 'ya'yanta, sannan ta kama hanyar Afirka a watan Agusta. Na'urorin da masu bincike suka ɗaura wa wasu daga cikinsu sun nuna cewa sukan je yankin Kongo, wasu har Mozambik, kuma a hanyar dawowa sukan yada zango a sararin Afirka ta Yamma, musamman wajajen Laberiya, su ci ƙwari su yi ƙiba kafin su tsallaka Sahara. Wani bincike na Jami'ar Lund da ke Suwidin, wanda aka wallafa a 2016, ya tabbatar da cewa tana iya shafe wata goma a sama ba tare da ta sauka ba. A can take ci, a can take sha, a can take hutawa. Haihuwa ce kaɗai take tilasta mata neman wurin sauka, kuma tun da daɗewa wurin nan a Ingila shi ne 'yan kafofin da ke ƙarƙashin rufin gidaje da majami'u da tsofaffin masana'antu.

Waɗannan kafofi su ne suke ƙarewa. Idan aka zo gyaran tsohon gida akan toshe ƙarƙashin rufin da allunan roba, a cusa abin tare sanyi a ko'ina, sabon gida kuwa tun daga farko ana gina shi ne ba tare da ko tsaga ba, saboda a rage kuɗin ɗumama ɗaki. Wannan abu ne mai kyau ga mazauna gida, amma ita tsattsewa halinta shi ne komawa ramin da ta saba da shi kowace shekara, kuma idan ta tarar an toshe shi takan yi kwanaki tana kai gwauro tana kai mari a bakin wurin, wani lokaci har shekarar ta wuce ba ta yi ƙwai ba. Ƙidayar tsuntsaye ta Birtaniya ta nuna cewa yawansu ya ragu da kimanin kashi 60 cikin 100 tsakanin 1995 da 2020, shi ya sa a Disamban 2021 aka shigar da ita jerin tsuntsayen da aka fi jin tsoron ƙarewarsu a ƙasar. Rashin wurin sheƙa ba shi kaɗai ne sanadi ba, akwai raguwar ƙwarin da take ci da kuma sauyin yanayi, sai dai a cikin ukun nan shi ne wanda magini zai iya magancewa da hannunsa, kuma da ɗan kuɗi kaɗan.

Shi bulon kansa akwati ne rufaffe da ake yi da siminti ko yumɓu ko roba mai ƙarfi, a yi masa fuska irin ta sauran tubalan gidan, a bar masa 'yar ƙofa mai tsawon kimanin milimita 65 da faɗin milimita 28 zuwa 30. Farashinsa yakan kama kusan fam 35, wanda ba a bakin komai yake ba idan aka kwatanta da kuɗin gida. Sababbin gidajen Ingila bangonsu ruɓi biyu ne da sarari a tsakani, kuma akwatin yana zama ne daga ruɓin waje, ba shi da wata hanya da ta ɓulla cikin ɗaki ko cikin silin. Saboda haka batun danshi da shigar ƙwari cikin gida bai taso ba, muddin birkila ya ɗaura shi yadda masu ƙera shi suka tsara. A ganina ya fi akwatin katako da ake kafawa a jikin bango nesa ba kusa ba: na katako yana ruɓewa, yana ɗaukar zafi, iska tana iya fizge shi, kuma wanda ya sayi gidan daga baya yana iya cire shi cikin minti kaɗan, shi kuwa bulo yana nan muddin gidan yana tsaye, ba ya bukatar fenti ko shara.

Fargabar uwargida game da ƙazanta abin fahimta ce, musamman ga wanda ya taso a gidan da ake rataya wa tantabaru tukwane a jikin katanga, ya san yadda ƙasan wurin yake komawa. Tsattsewa ba haka take ba. Ba ta zama a kan taga ko rufi, domin ƙafafunta gajeru ne ƙwarai, ba su iya komai sai maƙalewa a bango, kuma iyayen sukan kwashe yawancin kashin 'ya'yansu tun suna ƙanana. Ɗan abin da zai zubo kaɗan ne, na 'yan makonni, kuma shi ya sa ake kauce wa saka bulon daidai saman ƙofa ko taga. Tana da wasu ƙwari masu shan jini da ke zama a sheƙarta, amma a kanta suke rayuwa, kuma suna cikin akwatin da ba ya haɗe da ɗakinku. Kukanta mai kaifi ne, ana jin sa da maraice idan suna zagaya gidaje a garke, na kimanin wata uku a shekara.

Zarginka game da talla kuwa ba a banza yake ba, sai dai ba bulon ne abin zargi ba. A Disamban 2024 aka fitar da wani rahoto da masu bincike na Jami'ar Sheffield suka yi wa ƙungiyar Wild Justice mai fafutukar kare namun daji, bayan sun zagaya sababbin rukunan gidaje 42 a Ingila suna gwada abin da aka yi alkawari a takardar izini da abin da ke ƙasa. Sun tarar da kusan rabin abubuwan da aka ce za a yi wa namun daji ne kawai aka yi, kuma kashi 75 cikin 100 na akwatunan tsuntsaye da na jemagu babu su ko alama. Dalilin a fili yake: ƙananan hukumomi ba su da isassun ma'aikatan da za su koma su duba bayan an gama gini, mai sayen gida kuma bai san ma an yi alkawarin ba. Kai da ka karanta takardunka ka riga ka fi yawancin masu saye.

A ɓangaren doka, abin bai zama bai ɗaya ba. Tun 12 ga Fabrairun 2024 aka wajabta wa manyan ayyukan gini a Ingila su ƙara yalwar halittu da aƙalla kashi 10 cikin 100, amma ma'aunin da ake amfani da shi yana ƙirga ciyayi da itatuwa da tafkuna ne, ba ya ƙirga ramin sheƙa, don haka kamfani yana iya cika sharaɗin ba tare da ya saka bulo ko ɗaya ba. Wata marubuciya mai fafutuka, Hannah Bourne-Taylor, ta tattara sa hannun mutane sama da 100,000 tana neman a wajabta shi a kowane sabon gida, aka kuma yi muhawara a kai a majalisa a Yulin 2023, amma gwamnati a lokacin ta bar lamarin a hannun ƙananan hukumomi. Wasu sun riga sun yi gaba, kamar Brighton da Hove, wadda tun 2020 take neman a saka shi a sababbin gine-ginen da tsayinsu ya kai mita 5. A Disamban 2024 kundin manufofin tsara gine-gine na Ingila ya ambaci tsattsewa da jemage da bushiya cikin halittun da ya kamata a yi wa tanadi. Akwai kuma kamfanonin da suka yi don kansu, kamar rukunin Kingsbrook da ke Aylesbury, wanda kamfanin Barratt ya gina tare da ƙungiyar kare tsuntsaye ta RSPB.

Tunda ginin naku bai ƙare ba, yanzu ne lokacin magana, kafin a sauke katakon da magina ke hawa. Ka nemi shugaban wurin aiki ya nuna maka a jikin zane bangon da za a saka bulon da kuma tsayinsa. Akwai ƙa'idar Birtaniya mai lamba BS 42021 ta 2022 da ta yi bayanin irin waɗannan akwatuna, kuma lissafin da aka fi bi shi ne aƙalla rami ɗaya ga kowane gida idan aka yi jimilla. Ana so ya kasance kimanin mita 5 daga ƙasa, kusa da rufi ko can saman bangon gefe, gabansa a buɗe babu itace ko wani gini, domin tsattsewa faɗowa take yi daga ramin kafin fukafukanta su ɗauke ta. A guji inda kyanwa za ta iya hawa ta kai, kamar saman rufin gareji. A Ingila rana ta fi bugun bangon kudu, saboda haka arewa da gabas sun fi, ko da yake bulon da ke cikin inuwar rufi yana jure zafi fiye da akwatin waje. Kuma tunda tsuntsuwa ce mai son zama cikin 'yan'uwanta, gara a jera uku ko huɗu a bango ɗaya mai kyau da a warwatsa su ɗaya-ɗaya a wuraren da ba su dace ba. Don haka kada ka yi mamaki idan gidanka ya sami uku, na maƙwabcinka bai sami ko ɗaya ba.

Kada ku sa ran ganin tsattsewa a shekarar farko. Ba ta fara haihuwa sai ta yi shekara uku ko huɗu, kuma matasan sukan yi shekaru suna leƙa ramuka kafin su zaɓi ɗaya, musamman a unguwar da babu wasu tsofaffin sheƙuna kusa. Masu son hanzarta abin sukan saka 'yar lasifika kusa da ramin su kunna kukanta safe da yamma daga Mayu zuwa Yuli, kuma dabarar tana aiki. Kafin nan mai yiwuwa gwara ce za ta fara shiga, kamar yadda aka gani a Nansledan da ke Cornwall, inda ake bibiyar irin waɗannan ramuka kowace shekara. Wannan ba asara ba ce, domin ita ma gwarar gida tana cikin jerin masu raguwa a Birtaniya tun 2002. Idan kuna so ku ƙara wani abu daga wajenku, ku bar ciyawa da furanni da 'yan itatuwa a bayan gida maimakon shimfiɗa ciyawar roba, ku kuma rage feshin maganin ƙwari, domin 'ya'yan tsuntsayen nan duka da ƙwari ake ciyar da su. Sannan ku sani cewa dokar 1981 mai kare namun daji ta haramta lalata sheƙar da ake ginawa ko ake amfani da ita, saboda haka duk wani gyaran rufi ko fentin da zai kai ga bakin ramin, a tsara shi tsakanin Satumba da Fabrairu.