Na'urar TENS da Ƙafar da ta Sandare

Tambaya: Likita, tun da mahaifina ya samu shanyewar ɓarin jiki ƙafarsa ta sandare, dunduniya ba ta taɓa ƙasa. Na'urar TENS, mai aika 'yar wutar lantarki zuwa jijiyoyi ta fata, za ta taimaka?

Amsa: Tana sassauta tsoka, Malama, amma na 'yan sa'o'i ne, don haka a bi ta da atisayen miƙe ƙafa nan take. A manna ɗaya daga faya-fayan na'urar biyu ƙasa da gwiwa ta waje, ɗayan a gaban ƙwauri. A saita ta a 100 Hz, wato bugu 100 a daƙiƙa ɗaya, minti 30 zuwa 60 kullum. A ƙara ƙarfi har Baba ya ji tsikari, kada ya kai zafi. Fatar da ba ta ji sosai takan ƙone mutum bai sani ba, a riƙa dubawa. Mai na'urar daidaita bugun zuciya kada ya kusanci TENS.