Ga mai tambaya kan yaron da ya kasa cin miya mai yaji

Wa alaikumus salam 'yar'uwa, sannu da ɗawainiya. Kin ce kun dawo gida daga birni, yaronki ɗan shekara uku da ya kai lomar tuwo baki sai kuka saboda yajin miya, ga shi babban gida ne tukunya ɗaya ake ɗorawa, har an fara yi miki gori wai kin sangarta shi. Kina neman dabarar da zai saba.

Ni a ƙasar Haɗeja nake, maigidana attaruhu da tattasai yake nomawa a fadama da rani, saboda haka yaji ba baƙonmu ba ne. Na goyi nawa, an kawo mini yayen na ƙannena, ga jikoki yanzu. Duk cikinsu ban ga wanda ya saba da yaji don an tsare shi da tsawa ba. Suna sabawa ne idan aka bar su suka dangwala da hannunsu, gwargwadon abin da bakinsu zai ɗauka.

Kukan nan da yake yi ba shagwaɓa ba ce. Yaji ba ɗanɗano ba ne irin zaƙi ko tsami. Akwai wani sinadari a cikin barkono da ake kira kafsaisin, shi kuma jijiyoyin da ke jin zafin wuta yake taɓawa, wato bakin yaron gaya masa yake yi ya ƙone. Mu manya shekara da shekaru muna ci har bakinmu ya daina jin abin sosai, shi ya sa miyar da ke kike jin ta salam, shi a wurinsa azaba ce. Kuma kafin komai ki duba leɓensa da cikin bakinsa. Da hunturu leɓen yara kan tsage, wani har jini, ko kuma ƙuraje su fito a harshe bayan zazzaɓi. Mai irin wannan baki ko gishiri ya taɓa sai ya yi ihu, balle attaruhu. Ki riƙa shafa masa man kaɗanya ko man shanu a leɓe, ki jira ya warke tukuna.

Maganar tukunya ɗaya ita ce mai wuyar, don na san halin babban gida. Ba sai kin ɗora taki daban ba, wannan shi ke jawo a ce kin ware. Abin da muke yi, mai girki ta haɗa miyarta da daddawa da albasa da tattasai, idan ta kaɗa kuka sai a ɗebi ludayi biyu a ɗan kwano a rufe, sannan a zuba jajjagen attaruhu a ta manya. Ranar girkinki wannan a hannunki yake. Ranar girkin wata kuwa sai lallami. Idan an riga an zuba, ki ɗiga masa man shanu a tasa ki juya, yana karya kaifin yajin sosai. Surukarki kuma kada ki je mata da bayanin asibiti, ba za ta saurare ki ba. Ki bi ta wasan jika da kaka: "Inna, angon naki fa ya ce miyar amaryarsa ta fi ƙarfinsa, a tausaya masa." Za ta yi dariya ta ce rago ne ta fasa auren, gobe kuma ita da kanta za ta ce a ɗebar wa mijinta kafin a sa yaji. Na ga haka ba sau ɗaya ba.

Sai ki fara hawa da shi a hankali, ki fara da ƙamshi kafin zafi: 'yar citta da kanumfari a kunu ko koko, masoro da kimba kaɗan a fura. Waɗannan ma ai ya san su, tun kina jego kina shan kunun kanwa da yajin jego, kuma ƙamshin abin da uwa ta ci, irin su tafarnuwa, yana ratsawa cikin nono. Af, kakanninmu ma da masoro da kimba suka fara. Barkono asalinsa daga Meziko da Amurka ta Kudu ne, bayan tafiyar Kolumbus ta 1492 Turawan Fotugal suka yaɗa shi zuwa Afirka da Indiya. Bayan kayan ƙamshi sai tattasai, sai shambo, attaruhu shi ne na ƙarshe. Idan kin zo kansa, ki tsaga ki cire farin zaren nan na ciki da 'ya'yan ke manne a jiki, a nan mafi yawan zafin yake. Ko kuma ki jefa shi guda a miya ba tare da kin fasa ba, ya ba da ƙamshinsa ki tsame.

Amma abin da ya fi yi mini aiki shi ne yajin ƙuli. Ki daka masa nasa na kansa: ƙuli-ƙuli mai yawa, 'yar citta, gishiri kaɗan, barkono kuwa abin da yatsu biyu za su ɗauka. Ki zuba a wani ɗan gwangwani ki ce wannan nasa ne. Kada ki barbaɗa masa a kan abinci, ki tsiyaya a gefen kwano. Ɗanwake da mai, ƙosai, awara, dafaffen ƙwai, dankali, duk suna tafiya da shi. Ki zauna gefe ki yi kamar ba kya kallo. Zai ɗauki ɗanwaken ya taɓa yajin da bakin gefe, ya lasa, ya ja iska "shiii", ya kalle ki. Idan bai ga kin zabura ba, sai ya sake dangwalawa. Duk lokacin da za ki sake daka wani, ki ƙara barkonon kaɗan yadda ba zai lura ba. Wata rana zai ture kwanon gaba ɗaya, ki ɗauke ba faɗa, jibi ki sake kawowa. Yara kan ƙi sabon abinci sau da yawa kafin su karɓa, wani sai an kawo masa fiye da sau goma.

Cin abinci da sauran yaran gida shi ma babban malami ne, don kwaɗayin abin da yayye ke ci ya fi duk wani lallashinki. Sai dai ki sa ido. A kwanon taro ƙarami ake cuta, kafin ya gama hura loma ɗaya manyan sun sauke, ya tashi da yunwa ke kina zaton ya ci. Kuma ki hana wasan nan na "waye namiji", inda manyan ke tura wa ƙarami tsidugu don su yi dariya. Yaron da aka yi wa haka kan daɗe yana gudun duk wani abu ja.

Idan yaji ya kama shi, ruwa ba ya kashewa, don sinadarin ba ya narkewa a ruwa, a mai yake narkewa. Nono ko madara za ki ba shi, ko lomar tuwo gaya. Ki ajiye kindirmo kusa duk ranar da za ki gwada sabon abu. Da ya gama ki wanke masa hannu da sabulu kafin ya murje ido.

Ɗure kam ki rufa wa kanki asiri, kada ki yi, kada ki bari a yi masa. Toshe wa yaro hanci a zuba masa abu yana iya sa ya ƙware abin ya bi hanyar numfashi. Haka shafa barkono a nono don yaye, ko a yatsa don a hana tsotso. Idan kina da na goye kuma, wata shida na farko nono zalla ne, daga nan a fara kunu da abinci mai laushi, ba gaggawar barkono, ba dunƙule, ba yawan gishiri. Ranar da yaro ke gudawa a ajiye yaji har ya warke, a ba shi ruwan gishiri da sukari na leda da ƙwayar zinki. Masu cewa yaji ke kawo gyambon ciki kuwa, likitoci sun gano yawanci wata ƙwayar cuta ce ke kawo shi, sai kuma yawan shan maganin ciwon jiki. Yaji dai yana tayar wa wanda ya riga ya kamu.

Ki daka naki yajin a gida idan da hali. Barkonon da aka shanya a bakin kwalta ya sha ƙura, ƙulin da ya yi fumfuna kuma guba ne ga hanta, a zubar kawai. Ranar daka ki tura shi gidan maƙwabta, don ƙurar barkono a turmi sai ta sa yaro tari da atishawa har ya yi amai.

Wani yaron fa ko ya girma ba zai zama mai son yaji ba. A cikin nawa akwai wadda har ta yi aure tattasai ne iyakarta, ƙanenta kuwa attaruhu yake gatsa da rogo, kuma nono ɗaya suka sha. Ba abin da jikinsa zai rasa don bai ci barkono ba, muddin yana samun wake, ƙwai, kifi, gyaɗa da zogale. Abin da zan fi so ki kula da shi a watannin nan shi ne kada rigimar miya ta sa ya riƙa kwana da yunwa. Idan kin ga yana ramewa ko ya rage kuzari, ki kai shi asibitin sha-ka-tafi a ɗora shi a sikeli a kuma auna damtsensa. Allah ya raya mana su.