Ku Tambaya Mu Amsa: Bazarar Tawa, Ɗakin Tol Da Ruwan Farko

Salamu alaikum jama'a, ya zafi? Saƙonnin da sunka shigo wanga mako kusan duk maganar bazara ce, daga nan cikin Tawa har Illela da Keita. Na zaɓi huɗu, ta farkon ce na fi daɗewa kanta don akwai rai a ciki.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni mace ce daga Bilbis nan cikin Tawa. Innata ta tsufa ta haura saba'in kuma tana da hawan jini, ƙanena da ke ci-rani Abijan ya aiko kuɗi anka gina mata ɗakin siminti da rufin tol munka fiddo ta daga tsohon ɗakinta na ƙasa. To tun da zafin nan ya shigo ba ta da sukuni, shekaranjiya bayan azahar na iske ta tana surutai tana kiran sunan babanmu da ya daɗe da rasuwa, jikinta zafi rau. Maƙwabta sun ce iska ne a nemo mai ruƙiya. Ina kunna mata bantilater amma kuran ba ya zama. Mi ya kamata in yi?

AMSA: 'Yar'uwa Allah ya ba inna lafiya, ya saka ma ƙanenki da alheri don niyyarshi mai kyau ce. Amma don Allah ki kai ta asibiti yau ɗin nan, ko da kin ga ta warware. Tsohuwa mai hawan jini ta ruɗe da tsakar rana, jiki kamar garwashi, cikin ɗakin tol a watan Afrilu, wannan alamar zafi ya fara taɓa ƙwaƙwalwa ce kuma yana kisa. Addu'a ki yi ta yi ba wanda ya hana, amma ki yi ta kina kan hanyar likita.

Mu mutanen Adar muna da wata magana da ke cutarmu, wai mun saba. E mun saba da digiri 42, 43, har 45 ma muna gani cikin Afrilu da Mayu, amma jikin tsoho ba ya gumi kamar na saurayi kuma ƙishirwa ba ta kama shi da wuri, sai ruwan jikinshi ya ƙare shi bai ma nemi moɗa ba. Ki tuna Afrilun 2024 da zafi ya haɗu da ƙarshen azumi, a garin Kayes na Mali ma'auni ya kai 48.5, asibitin Gabriel Touré na Bamako ya ƙidaya mutuwa 102 cikin kwana huɗu na farkon watan, da yawansu tsofaffi. Su ma ai mutanen Sahel ne kamarmu, su ma sun saba.

In abin ya sake faruwa kar ki tsaya jiran kowa. Ki fiddo ta inuwa inda iska ke ratsawa, ki sassauta tufafi, ki kwara mata ruwan randa a jiki, ki jiƙa zane ki sa a wuya da hammata da matsematsi, wani na fifita da mafici wani na neman abin hawa. In tana cikin hayyacinta ki ba ta ruwa kaɗan-kaɗan, in ba ta gane mutane kar ki ɗura mata komi a baki, shaƙewa za ta yi. Maganin hawan jininta ki tafi da kwalin ki nuna ma likita, akwai irin da ke sa yawan fitsari yana ƙara ƙarar da ruwan jiki, amma ke kar ki tsaida mata shi da kanki.

Bantilater kuma, ko kuran na nan, in ɗaki ya wuce digiri 40 iskar wuta kawai take huro ma mutum, sai in an jiƙa fatar jiki tukuna take aiki. Bara na shiga gaida wani dattijo a ɗaki irin wannan wajen ƙarfe uku, kwanon shan da ke bakin taga na kai hannu na kasa ɗauka, shi kuma yana kwance ƙarƙashin bantilater leɓɓanshi sun bushe sun tsage, randa na can waje ba mai miƙo mishi. Na daɗe ina ganin leɓɓan nan a idona.

In tsohon ɗakinta na ƙasa bai rushe ba ki maida ta can ta riƙa wuni har damina ta sauka, katangar ƙasa mai kauri ba ta barin zafin rana ya ratsa da wuri. In ya rushe a kafa mata rumfar zana a tsakar gida, dare kuma ta kwana waje cikin gidan sauro. Ki sa yaro ɗaya aikinshi kenan ya kai mata ruwa duk sa'a ko ba ta nema ba, ki riƙa duba fitsarinta, in ya yi ja ya ragu ruwa bai isa ba. In ƙanenki zai sake aiko wani abu, silin ƙarƙashin tol ɗin da farin fenti a samanshi sun fi wani sabon kaya amfani gare ta.

TAMBAYA: Kawu ina wuni. Ni ɗan kabu-kabu ne a Sabon Gari, na tara kuɗi da ƙyar na sayi imidifikater, na'urar nan mai sanyaya ɗaki da ruwa, watan Maris, lokacin sanyinta har sai na ja zane. Yanzu da hadari ya fara haɗuwa sai ta koma ba ta komi, ɗakin ya yi danshi jiki na manne da tabarma. Mai shagon ya cuce ni ne ko lalacewa ta yi?

AMSA: Ɗana bai cuce ka ba kuma da wuya in ta lalace, iskar gari ce ta sake. Na'urar nan aikinta ɗaya da randar innarka, ruwa na tsattsafowa ta jikin yumɓu, busasshiyar iska ta kwashe shi ta tafi da zafin, abin da ke ciki ya yi sanyi. A Maris iskarmu daga hamada take zuwa ta arewa maso gabas, a bushe ƙarau, duk ruwan da ta samu sha take. Daga Mayu sai iskar kudu maso yamma ta fara turowa daga teku da laimarta, ita ce ke kawo muna damina, to iskar da ta riga ta ƙoshi da ruwa ina za ta kai na imidifikater ɗinka? Shi ya sa gumin wanga lokaci ba ya bushewa a jiki.

Ranar da ka ji gari ya yi lumshi ka kashe mata famfon ruwan ka bar iska kaɗai. Ko a lokacin rani ma kar ka rufe ɗaki ruf, ba kilimatizer ba ce, tana son taga a buɗe laima ta samu hanyar fita. Ka wanke tankin duk mako, ruwan da ya kwanta nan sauro ke hayayyafa. Bayan damina in iska ta sake bushewa za ka ga ta dawo yadda ka santa.

Wannan dabarar ce wani malamin makaranta na Najeriya, Mohammed Bah Abba, ya yaɗa a Jigawa, tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi tsakani a rufe da jiƙaƙƙen tsumma, har ya samu kyautar Rolex a 2000. Tumatir da gauta na kwanaki ciki ba kuran ba batir. Masu saida kayan miya a kasuwar Tawa da ke zubda ruɓaɓɓen tumatir kullum da marece, ina ma za su gwada.

TAMBAYA: Malam, manomi ne daga wani ƙauye kusa da Illela. Bara ruwan farko na sauka munka fita shuka, sai sama ta ɗauke kusan kwana ashirin hatsin ya ƙone, sau biyu ina sake iri. Bana in an yi ruwa cikin Mayu in shuka ko in jira?

AMSA: Alhaji wannan ciwon duk Adar ya san shi. Ba ni da ikon ce maka ga ranar, ruwa na Allah ne, amma yayyafin Mayu a wajenmu sau da yawa kwantar da ƙura kawai yake, damina ta gaskiya sai Yuni, wasu shekarun har ta taɓa Yuli. Masana aikin gona na ɗaukar ruwan shuka shi ne wanda ya kai kamar milimita 20 cikin kwana ɗaya zuwa uku. In ba ku da ma'auni ka tona da hannu wuri biyu uku a gonar, in laima ba ta kai zurfin tafin hannu ba ka riƙe irinka. Ka kuma kasa kunne ga rediyo, cibiyar Agrhymet ta Yamai da ma'aikatan meteyo na fidda hasashen damina kowace shekara kafin ta faɗi.

Kar ka zuba iri duka lokaci guda, ka raba, ka nemi iri mai saurin nuna kamar hatsin HKP na INRAN, cibiyar binciken noma ta Nijar, wanda ke kai kamar wata uku ka aje don ko an makara. Kuma kai ɗan Illela ba sai na koya maka tassa ba, ramukan shukar nan masu tare ruwa, wajenku da Badagishiri ne anka fi saninta, manomanku sunka je Yatenga ta Burkina sunka gani sunka dawo sunka raya faƙon da ko ciyawa ba ya fiddawa. Rami ne da taki cikin tafi ɗaya amma yana riƙe laima kwanakin da shukar fili ke mutuwa. Wahalar haƙa ce cikin wanga zafi, ku fita da asuba ku dawo kafin hantsi ya yi ƙarfi.

TAMBAYA: Malam an yi min tayin fili da arha bakin ƙorama bayan gari, mai filin ya ce shekara da shekaru ruwa bai taɓa kaiwa wurin ba. In saya?

AMSA: Kar ka saya sai ka je mariye ka tabbatar wurin na cikin inda anka yanka don gini, sannan ka tambayi tsofaffin unguwar, ba mai filin ba. Damina ta 2024 ta kashe sama da mutum 300 a Nijar, ta shafi fiye da miliyan ɗaya, tsohon masallacin Zinder ya rushe, har shiga lakwal anka ɗaga zuwa 28 ga Oktoba. Ƙasarmu ta Adar dutse ce da faƙo, ruwa ba ya nitsewa, gangarowa yake gaba ɗaya cikin ƙorama cikin 'yan mintoci kuma sau da yawa da dare. Ka je wurin da kanka ka duba gindin itatuwa da bakin gaɓa, in ka ga tarkacen kara da leda sun maƙale a reshe, nan ruwa ya taɓa kaiwa. Ka auna tsawon da jikinka sannan ka dubi inda gadon 'ya'yanka zai kasance.