Me ya sa kayan haɗin matza suke bambanta?

Malama, kin ce kin ga kwalin matza (gurasar Yahudawa marar yis) ɗaya an rubuta fulawa da ruwa kawai, wani kuma har da ƙwai, ruwan tuffa ko gishiri, kina son sanin wanne ne na gaskiya. Na yi shekara huɗu ina aiki a wani shagon kayan abinci a Brooklyn ta birnin New York, inda Yahudawa suka yi yawa, kuma duk Idin Ƙetarewa, idin da suke cin matza, ni nake jera kwalayen nan.

Ta asali gari ce da ruwa, ko gishiri ba a sa mata. Da ita suke tuna fitar Bani Isra'ila daga Masar tare da Annabi Musa (AS), ranar da gaggawa ta hana ƙullunsu tashi. Shi ya sa da ruwa ya taɓa gari, dole a gama gashi cikin minti 18. Ruwan ma sai wanda aka ɗebo ya kwana ya huce. Masu tsanantawa kuwa tun daga girbi suke tsare alkamar kada danshi ya taɓa ta. Wannan ita ce shimura, kuma tsadarta ta sha ba ni mamaki.

Garin sai na hatsi biyar: alkama, sha'ir, ots da wasu danginsu biyu. Gero da shinkafa ba sa shiga, domin malamansu sun ce ba sa tashi kamar alkama, ibadar kuwa ita ce a hana abin da zai iya tashi ya tashi. Wannan hujjar ta burge ni ƙwarai. Ta ots ɗin ana yin ta ne saboda waɗanda cikinsu ba ya ɗaukar alkama.

Mai ƙwai da ruwan 'ya'yan itace suna ce mata matzar wadata, ta ibada kuma gurasar talauci. Yahudawan da suka fito daga Gabashin Turai ba sa cin ta wadata a idin sai tsoho ko marar lafiya. Da yawa daga na ƙasashen Larabawa suna ci, amma ban da cika farillar cin matza a daren farko na idin.

Mai gishiri ko albasa kuwa ta cin yau da kullum ce, a jikin kwalin ma za ki ga an rubuta ba ta idi ba ce. A shekarata ta farko na haɗa su kanta ɗaya. Wata tsohuwa ta kira ni gefe, ta nuna mini rubutun da yatsa, ta ce da ta kai gida da ta ɓata wa iyalinta idi. Tun ranar nake duba kowane kwali kafin na ɗora.

Har kamanninta ba ɗaya ba ne. Mai kusurwa huɗu, busasshiya kamar biskit, aikin inji ce. Kamfanin Manischewitz da aka kafa a birnin Cincinnati na Amurka a 1888 ya yaɗa ta. Wasu Yahudawan Yaman har yau mai laushi suke gasawa, kamar gurasarmu in an cire yis.